Wayar da Shafa'atu Ta Hana Sabuntawa

A unguwarmu, Harra ta Gabas a Madina, in wayar mace ta lalace ba mai ce mata ta tafi shagunan titin Sultana. Sai a ce, "Hau bene na biyu, ƙofar da ba labule, ki ce Shafa'atu kike nema." Ni Zenabu, tawa ce mai labulen. Shekara goma sha ɗaya ƙofofinmu na kallon juna, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Ɗinkin abaya nake yi, daga Injamena aure ya kawo ni, kuma ana cewa bakina ya fi kekena gudu. Masu faɗa su yi ta faɗa, ba su suke biya mini wuta ba.

Shafa'atu 'yar Wad Madani ce, can Sudan. Babanta gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa, ita da ƙanenta Umair a ƙarƙashin teburinsa suka yi rarrafe. Da zamanin rediyo ya wuce waya ta shigo, Umair ya gaji teburin, ita kuma ta auri Yazid, wanda ke lodin kayan alhazai a filin jirgin sama na Madina. Ta iso nan da akwati ɗaya. Da muka buɗe kayan kwalliyar amarya, mun tarar da kwalli, turare, da sukudireba guda shida.

Abu ɗaya ya yi mata kasuwa: mace a garin nan ba ta son miƙa wa namiji wayarta. Hotunan biki ne a ciki, kai ba ɗankwali, rawa, lalle har gwiwa. Na san wadda ta gwammace ta daka tata a turmi da ta kai ta shago. Shafa'atu kuwa ba ta kallon hoton kowa, ke mai wayar ma ba sosai take kallonki ba. Za ki zo kina rantse-rantse, ta juya wayar sau ɗaya ta ce, "Ruwa."

"Wallahi tallahi ba ta taɓa ruwa ba!"

"To shayi ne. Da madara."

Shi ke nan hirar. Kowace ta karɓi wayarta, kalma ɗaya take bin ta da ita har bakin matakala: "Ki riƙa yin tahdis." Tahdis shi ne sabuntawar da kamfani ke turo wa waya lokaci-lokaci, don toshe ɓarakar da ɓarayi ke shiga. Matar da ta yi shekaru tana wa mutane wannan wa'azi, ita ce ta yi kusan shekara guda tana gadin waya ɗaya kada tahdis ya kusance ta. Ga yadda aka yi.

A azumin shekarar da yaƙi ya tashi a Sudan, mahaifiyarta Inna Iyatu ta zo umara. Kwana ashirin ta yi niyya. Tana nan aka fara harbe-harbe, jirgi ya tsaya, sai ta zauna a ɗakin 'yarta ana ta sabunta mata takarda. Ta zo da wata tsohuwar waya mai fasasshen gefe, wadda lambarta ta kai shekara goma sha biyar a hannunta. Umair ya zauna a Wad Madani yana gadin gida da teburi, kullum da safe sai ya aiko mata da murya ta koriyar manhajar nan ta hira da kowa ya sani. Bayan wata takwas yaƙin ya shiga garinsu, muryar ta ɗauke.

Wata huɗu ba labari. Sannan wata rana saƙo ya shigo daga wata baƙuwar lamba, daƙiƙa goma sha ɗaya: "Inna, ni ne Umair. Ina raye. An ƙwace wayata a hanya, wannan ta aro ce. Zan sake nemanki a wannan lambar." Aka kira mai lambar, ya ce shi dai wani mutum ya roƙe shi aro a tasha, bai san shi ba, bai san inda ya nufa ba.

Lambar Inna ce kaɗai a kan Umair. Ta Shafa'atu bai haddace ba, don sau biyu tana canza layi saboda mata masu kira da tsakar rana suna cewa wayarsu ta ƙi kira. Layin Sudan da ke cikin wayar Inna kuma ya riga ya mutu, ko saƙo ba ya karɓa. Manhajar hirar ce kawai ta rage a buɗe da waccan lambar, tana tafiya da intanet ɗin nan. Muddin tana buɗe, in Umair ya aiko zai iso. Ranar da aka wanke wayar, wato aka goge komai, manhajar za ta nemi lambobin tabbatarwa da ta tura wa layin, layin kuwa ya mutu. Daga ranar, ko Umair ya aiko sau dubu, iska yake wa magana.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, Umair ɗin da kansa ya yi wa wayar abin da suke kira rut tun tana sabuwa. Sau uku Shafa'atu na yi mini bayani kafin ya shiga. Ta ce in ka sayi waya kamar ɗan haya kake, akwai ɗakunan da kamfani ya kulle ya tafi da makullai. Rut shi ne ka ɓalle makullan. Umair ya ɓalle, ya kwashe tarkacen kamfani don wuri ya samu, ya ƙara wa rubutu girma saboda idon Inna. To in tahdis ya zo ya tarar an ɓalle ƙofofi, wani lokaci ya wuce lafiya, wani lokaci wayar ta sandare a kan tambarin kamfani, ba gaba ba baya, sai an wanke ta tas.

Na ce, "Wani lokaci nawa?"

Ta ce, "Ƙanen nawa ɗaya ne, Yaya Zenabu."

Ban ƙara tambaya ba.

Wata safiya na shiga aron almakashi, na tarar suna karyawa da fulu, dafaffen waken nan nasu, da burodi. Inna ta miƙo wayar nesa da fuskarta tana ƙanƙance ido, yatsanta a sama. Ta ce, "Shafa'atu, abin nan yana ta ce mini in danna nan."

Shafa'atu ko loma ba ta haɗiye ba ta ce, "Inna, mayar da hannunki cinya."

Saƙon cewa yake an riga an sauko da sabuntawa, za ta hau da zarar wayar ta mutu ta tashi. Batir kuma saura kashi tara. Ni a take na fara salati da ƙarfi. Shafa'atu ta goge mai daga yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta jona caja, ta ce in rufe ƙofa in kuma rufe bakina, duk wanda ya fi sauƙi in fara da shi.

Na zauna ina kallo. Da farko ta nemo ƙunshin da aka sauko da shi a wani lungu na wayar ta goge. Sannan ta shiga wani ɓoyayyen wuri da ba ya buɗewa sai an danna layi ɗaya sau bakwai, kamar jifan Shaiɗan, ta kashe maɓallin da ke ba wayar izinin sabunta kanta. Na ce alhamdulillahi an gama. Ta ce wannan roƙo ne kawai, wayar na iya ji, tana iya ƙi. Sai ta nemo manhajar da ke zuwa ɗauko sabuntawar ta daskarar da ita. Ba ta goge ta ba, ta ce in an zare ta gaba ɗaya wani abu na iya rushewa a wani gefen. Tana nan dai, amma ko motsi ba ta yi.

Kwana takwas saƙon ya dawo. Ashe akwai ta biyu mai wani suna daban, wadda aikinta tayar da ta farko in ta yi barci. Shafa'atu ta kalli wayar ta ce, "Tayyib." Ta daskarar da ita ma. Daga nan ta yi abin da ya fi burge ni. Akwai wani ɗan fayil da wayar ke duba adireshi a ciki kafin ta aika tambaya ko'ina. Ta rubuta adireshin gidan kamfanin a ciki, ta karkatar da shi ya dawo kan wayar. Tun daga ranar, duk sanda wayar ta aika tambaya ko akwai sabon abu, kanta take tambaya, kanta kuwa ba ta da labari.

Yazid mutumin kirki ne, amma a filin jirgi ya saba da doka. Ya ce ya ji waya marar tahdis gida ne marar ƙofa, kowane ɓarawo zai shiga.

Ta ce, "Gaskiya ne."

Ya ce, "To?"

Ta ce, "Abin da ke ciki addu'o'i ne da hoton akuyar Inna. Ya shiga."

Kowace Juma'a bayan wanki sai ta duba makullan nan uku. Manhajar hirar kam tana sabunta ta da hannunta, don kada ta tsufa ta daina aiki, tsarin wayar ne ba ta yarda a taɓa. Ta canza batir sau biyu, zuciyarta a hannu. Ta sa layin nan na Saudiyya a rami na biyu saboda intanet. Da kamfani ne kaɗai abokin faɗan, da ta huta tuni. Mai wayar ce matsala.

Inna Iyatu kullum bayan la'asar tana harabar Harami, ƙarƙashin lemomin nan, da wayar a hannu. Ba ta ganin baƙuwa tana waige-waige ta ƙyale ta. Tsohuwa ta ɓace wa ayarinta, wata kuɗin wayarta sun ƙare, wata ma ba ta san sunan masaukinta ba, sai Inna ta miƙa: "Ungo, kira gida." Ba ta jin yarensu, su ma ba su jin nata. Wayar da Shafa'atu ke wa gadi kamar ƙwai, ta shiga hannun mutanen ƙasa ta fi ashirin, kowa da irin danne-dannensa.

Ranar da Shafa'atu ta gano, ta yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta, ta kai jimla huɗu. Inna ta bari ta gama, ta ce, "Ɗana da wayar aro ya neme ni. Wani ya ba shi. Ni kuma in hana?"

Washegari Shafa'atu ta kawo mata wata waya daban, mai kyau, ta ce wannan ta aro ce, waccan a bar ta a gida. Inna ta juya ta, ta mayar. Ta ce sadaka da abin da ba ka damu da shi ba ai zubar da shara ce. Aka rasa yadda za a yi, sai aka ɗora mini. Ni Zenabu, da ɗinkin mutane jibge a kan keke, na koma 'yar rakiya. Inna ta miƙa waya, ni in tsaya a kan mai aro ina zare ido, in ta gama sallama da 'yan'uwanta in fizge. Wata 'yar Indunusiya har hotona ta ɗauka, ban san me za ta ce da mutanen garinsu ba. Na yi mita, na yi ƙorafi, amma gaskiya ina son tsohuwar nan, ta fi uwata haƙuri da bakina.

A watan Rajab na shekara ta biyu Inna ta kwanta. Ba wani dogon ciwo, zazzaɓi ne da tari, kwana shida. Ranar ƙarshe ta tambaya ko wayar na da caji, aka ce da akwai, ta ce to. Aka yi mata salla a Harami bayan azahar, Yazid da maza suka shiga da ita maƙabartar Baƙi'a, mu muka tsaya a waje. Kowa na cewa ta dace, ta samu makwanci kusa da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ta dace ɗin. Amma ni na yi kuka har muryata ta dishe, don ta tafi ba ta sake jin ɗanta ba.

Yanzu sai inda na tafka tawa. Zan faɗa da bakina kafin wata ta faɗa da ƙari.

Gidan makoki cike yake da hannaye, sai Shafa'atu ta ɓoye wayar a tsakiyar wani ninkakken tob na Inna, irin mayafin nan na matan Sudan, ta mayar cikin akwati. Ba ta gaya wa kowa ba, don ita gaya wa mutane abu ba ɗabi'arta ba ce. A wajenmu kuma ranar uku ake fitar da tufafin mamaci sadaka, kuma yadda aka same su a ninke haka ake bayarwa. Ba a warwarewa, ba a zaɓe, kada ya zama kana duba wanda ya fi kyau ka riƙe. Na ga Shafa'atu ta gaji, na ce bari in ɗauke mata wannan. Karambani dai. Na buɗe akwati na rarraba, ina ji da kaina ina aikin lada. Tob ɗin ya faɗa hannun Mariam, wata 'yar Damagaram mai shara a zauren biki.

Washegari da safe Shafa'atu ta ƙwanƙwasa mini, caja a hannunta. Ta ce, "Yaya Zenabu, ina shuɗin tob?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Da ta zage ni ma da na ji sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Sa abayarki."

Mariam ba ta da waya, ba a kuma san ɗakinta sosai ba. Sai da muka bi gida huɗu a cikin lungunan Harra, rana na dukan baƙin dutse tana dawo mana a fuska, kafin muka same ta wajen azahar. Tana ganinmu ta rungume Shafa'atu tana hawaye. Ta ce wata biyar rabonta da jin muryar 'ya'yanta tunda tata ta faɗa bokiti, jiya ta warware tob sai ga waya, ta kwana tana wa Inna addu'a, ta gaya wa duk maƙwabta irin alherin gidan nan. Ta ce da safe ta kai ta wani shago a Sultana a wanke mata, mai shagon ya ce ta dawo bayan la'asar.

To fa. Sadakar mamaci ce, ta riga ta fita, an yi godiya, an yi addu'a a kanta. Wa zai buɗe baki ya ce a dawo da ita? Shafa'atu ta ciro tata wayar daga jaka, wadda Yazid ya saya mata ko shekara ba a yi ba, ta zare layinta da tsinken ɗan kunne, ta tsaya nan a tsaye ta goge komai nata. Ta miƙa wa Mariam ta ce, "Kuskure aka yi. Wannan ce taki. Waccan tsohuwa ce, ba ta kai a ba mutum ba."

Mariam ta ce a'a, waccan ma ta isa. Shafa'atu ta ce, "Wane shago?"

Mariam ba ta san sunansa ba. Ta ce dai kusa da wani mai sayar da shawarma ne. A Sultana! Kamar a ce maka kusa da wani mai rawani a Harami. Muka sa ta a tasi muka tafi tare. Direban ya so hira, na ce masa ya tuƙa kawai. Mun sauka, mun shiga wannan layi mun fita wancan, Mariam na cewa kamar nan ne, kamar kuma ba nan ba. Ana kiran la'asar ta nuna wani ƙaramin shago ta ce ga shi. A kulle, mai shi ya tafi masallaci.

Muka manna fuska a gilashi. Ga wayar Inna can a kan teburi, da fasasshen gefenta, kebul ya haɗa ta da kwamfuta, fuskarta a kunne. Daga inda muke ba a iya karanta abin da ke rubuce. Na ce, "An yi ko ba a yi ba?" Shafa'atu ta ce ba ta gani. Na ce in nemo dutse? Ta ce in nemo wuri in yi salla. Ban je ba, Allah ya yafe mini. Minti ashirin ɗin nan na tsufa a cikinsu.

Mai shagon ya dawo yana jan carbi, wani dogo mai suna Sharfuddeen. Jikan mutanenmu ne da suka zo hajji tun da can suka zauna, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Kafin ya gama buɗe ƙofa na rufe shi da tambaya. Ya ce a'a, bai wanke ba. Tun safe ya kamata ya yi, aikin minti goma ne, amma da ya leƙa ciki sai ya ga abin da ya tsayar da shi. Ya ce shekararsa tara a sana'ar nan bai ga an ɗaure waya haka ba, makulli uku, kowanne na tsare ɗan'uwansa. Ya tsaya yana kwafe yadda aka yi ne, yana dawowa daga salla zai danna. Ya tambaya wane injiniya ne ya yi.

Shafa'atu ta ce, "Ni."

Ya dube ta, ya dube ni, kamar ni zan ƙaryata. Sai ya fara cewa yana neman mai kula da ɓangaren mata, in tana so.

Ta ce, "Cire kebul ɗin. A hankali."

A tasi ta buɗe manhajar hirar, ta ga tana nan da lambar Inna. Ba sabon saƙo. Ta sa wayar a jaka ta riƙe jakar da hannu biyu. Na ce ta yafe mini. Ta ce ai ni ma ban sani ba, rashin faɗa nata ne.

Bayan arba'in mutane suka fara magana. Mai wayar ta rasu, yaron shekara guda ba labari, a bar wa Allah. Wata ma ta ce ajiye wayar mamaci a kunne ba kyau, ban san a wane littafi ta gani ba. Yazid bai ce a kashe ba, amma ya daina tambaya. Shafa'atu ba ta yi musu da kowa ba. Tana gyaran wayoyin mata, tana ce musu su yi tahdis, tsohuwar na gefen teburi a jone. Da ta rasa tata, ita ta koma riƙewa, don haka masu kira da tsakar rana suka dawo da ita suke samunta. In ta yi ƙara sai ta duba, ta ga mai gyara ce, ta ajiye.

Wata biyu da kwana tara bayan rasuwar, ranar Talata da hantsi, ina ɗakinta tana duba mini fitilar kekena da ta ƙi kamawa. Wayar ta yi ƙara ɗaya. Ta miƙa hannu ba tare da ta ɗago ba, ta duba, sai na ga ta ajiye sukudireba. Baƙuwar lamba ce ta Sudan, saƙon murya. Ta danna.

"Inna, assalamu alaikum. Ni ne Umair. Ina Gadarif, jiya na iso. An tsare ni ne, amma an sake ni, lafiyata lau, ƙafa ce kawai. Inna, in kin ji wannan ki amsa, ina tsaye a nan."

Na dafe ƙirji na ce Allahu Akbar, na fara guɗa, sai na katse, don na tuna wa yake nema. Kafin mu ce wani abu ya ga alamar an saurara, sai ga kira ya shigo. Wayar na ruri a tafin hannunta, ta bari ta yi sau uku. Na ce in ɗauka miki? Ta girgiza kai, ta ɗauka, ta sa a bayyane.

"Inna?"

"Ni ce, Umair. Shafa'atu."

"Yaya! Yaya, Allah mai iko! Wallahi ban yi zaton lambar nan na aiki ba, kawai cewa na yi bari in gwada. Kuna lafiya? Ya Yazid?" Yana magana yana dariya yana kuka, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa da kukan jaki.

Ta ce, "Muna lafiya. Ƙafar fa?"

"Rabu da ƙafa, za ta warke. Yaya, mai wayar nan yana jira, minti biyu ya ba ni. Miƙa wa Inna in ji muryarta."

Shafa'atu ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

Ta ce, "Umair, akwai wurin zama kusa da kai?"

"Ina tsaye ne. Me ya faru? Tana Harami?"

"Zauna tukuna."

Muka ji motsi, muka ji ya ce da mai wayar ya yi masa haƙuri kaɗan. Sannan ya ce, a hankali, "Na zauna, Yaya."

Ta matso da wayar kusa da bakinta ta ce, "Umair, sai haƙuri."